Maruru da Ɗan Kutse

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na ɗaga murya a gaban jama'a na rantse cewa an yi mini kutse a kwamfuta, har na nuna wanda ya yi. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a tsakiyar kasuwa nake, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara da yadda muke. A nan Zongon Lome muna da wata 'yar ƙungiya ta masu son kwamfuta. Ba makaranta ba ce, ba kuma shagon gyara ba ne. Mutane ne kawai da Allah Ya jarabta da son buɗe abin da ba su san yadda za su mayar da shi ba. Kowace Asabar bayan Azahar muke taruwa a ɗakin da ke bayan shagon fotokwafi na Alhaji Mumuni, wani dattijo da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa, da ya yi ritaya sai ya kamu da son tsofaffin kwamfutoci. Ya jera mana bencina na katako, ya kafa talabijin a bango. Dokarsa ɗaya ce: duk mai matsala ya kawo na'urarsa a haɗa ta da talabijin, kowa ya gani, kowa ya faɗi abin da ya sani. Hira kuwa da Hausa ake farawa, a bi ta Faransanci, a ratsa ta yaren Mina na mutanen gari, wani lokaci a ƙare da Turancin Gana, kuma kowa ya gane.

Ni a cikin ƙungiyar nan na naɗa kaina masanin tsaro. Ba wanda ya ba ni muƙamin. Aikina na gaskiya shi ne sayar da bokitai da butoci a shagon mahaifina a kasuwar Assiyéyé, amma da yake na kalli bidiyoyi masu yawa a kan 'yan kutse, sai na ga ai na isa. Na manna baƙin salatif a kan kyamarar kwamfutata. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai na yi masa wa'azi a kan kalmar sirri. Na taɓa sa Alhaji Mumuni ya canza tasa zuwa wata doguwa mai ƙahoni da wutsiya, washegari ya manta ta, muka kwashe zama guda muna neman hanyar shiga. (Ya yafe mini, amma bai daina ambata ba.)

Akwai mutum biyu da ya kamata ku sani. Na farko Kossi, wanda muke kira Fo Kossi, wato Yaya Kossi da Mina, malamin lissafi ne, Kirista, daga unguwar Djidjolé yake zuwa a kan babur ɗinsa. Da yaran Zongo ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu daga cikinmu daɗi, kuma shi ne mutumin da zai bar tasa kwamfutar a buɗe ya tafi gyara ta wani. Ta biyu Adiza, 'yar ƙanwar Alhaji, ɗalibar jami'a, ba ta cika magana ba amma idan ta yi sai an saurara. Ba zan ce komai a kanta ba, sai dai in ce ranar Asabar ce kawai nake goge riga har da hannu.

To, ana cikin haka sai maruru ya fito mini. Ba a goshi ba, ba a hammata ba. A wurin da mutum ba ya nuna wa likita sai an rufe ƙofa. Zama ya zama aiki. Kujerar shagonmu ta katako ce, ta ɗakina ma haka. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, har mahaifiyata, domin na san idan Inna ta ji, kafin La'asar duk matan layinmu sun ji, kowace kuma ta aiko da nata maganin. Sai dabara ta zo mini. Jakar kwamfutata tana da soso mai kauri a ciki. In na fitar da kwamfutar na ɗora a tebur, sai in shimfiɗa jakar a kujera in zauna a kai, in karkata gefe guda. Idan gefen ya gaji in ɗan muskuta. Na ji daɗin wannan dabarar ƙwarai, har ina yaba wa kaina.

A kwanakin nan ne kwamfutar ta fara abin mamaki. Ina zaune hannuwana a kan cinya, sai in ga 'yar kibiyar nan ta kan allo ta motsa da kanta. Ta yi dama, ta yi hagu, ta tsaya kamar mai tunani, sai ta danna wani abu. Rannan ta rufe mini aikin da ban adana ba. Wata ranar kuma ina kallo ta kama jakar hotunan sunan ɗan yayata ta ja ta sai cikin kwandon shara. Na yi tsalle na tafi kiran ƙanena ya zo ya gani. Muka dawo muka tsaya a kanta, ko motsi. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka rage kallon bidiyon nan," ya tafi abinsa. Ina komawa na zauna, ta ci gaba.

Inna dai ta taɓa gani da idonta, ta leƙo ta kawo mini koko. Ta ajiye kofin ta ja da baya tana salati. Kafin in ce wani abu ta dawo da kasko da garwashi, ta turara ɗakin, ta yi tofi a kan allon. Na yi dariya na ce, "Inna, wannan ba aikin aljanu ba ne. Ɗan kutse ne. Mutum ne kamar ni, yana wani wuri yana sarrafa ta." Ta ce, "To wa ka saɓa wa?" Wannan tambayar ce ta shiga kaina ta ƙi fita.

Na zauna (a karkace) na yi nazari irin na masana. Wa ya taɓa kwamfutar nan a baya-bayan nan? Kossi. A zaman da ya wuce ya karɓe ta ya sabunta mini wasu manhajoji, har ya sa wani ɗan filashi nasa a jikinta. Shi ke nan, na gama bincike. Ban tambayi kaina abin da malamin lissafi zai yi da hotunan suna da farashin butoci ba. Na riga na samu wanda ake zargi, kuma abin ya yi mini daɗi, domin a ƙarshe an yi mini kutse na gaske kamar manyan mutane.

Ranar Asabar na isa da wuri don kada kowa ya ga yadda nake tafiya. Na fitar da kwamfutar, na shimfiɗa jakar a bencin gaba, na zauna, na baza rigata ta rufe ta. Da ɗaki ya cika sai na ce, "Alhaji, yau ni ne mai matsala. Kuma babba ce."

Aka haɗa da talabijin. Na ɗaga hannuwana sama don kowa ya shaida. Ba a jima ba kibiyar ta yi wani ɗan tsalle, ta gangara ƙasa, ta buɗe agogo. Ɗakin ya ɓarke da surutu. Wani ya ce ƙwayar cuta ce. Wani ya ce faifan taɓawa ne ya lalace, wato wurin da ake goga yatsa, aka kashe shi, kibiya ta ci gaba da yawonta. Wani ya ce danshi ne, ai iskar teku tana cin na'ura. Alhaji Mumuni ya tashi da kansa ya zare wayar intanet ɗin shagon daga bango, ya ce, "To, in ɗan kutse ne, yanzu na rufe masa ƙofa." Muka zura ido. Ta motsa.

Ni kuwa duk wannan lokacin benci yana cina. Ga zumuɗi, ga ciwo, sai muskutawa nake yi. Kuma duk muskutawar da na yi, kibiyar sai ta ƙara haukacewa, ni kuma in ƙara nuna allo ina cewa, "Kun gani? Kun gani? Ya san muna maganarsa!"

Can na hango Kossi a gefe yana latsa wayarsa. (Daga baya na ji cewa neman maganin matsalar tawa yake yi.) Jinina ya hau. Na ce, "Ba sai an wahala ba. Wanda yake yi yana cikin ɗakin nan."

Alhaji ya ce, "Kai, yi a hankali."

Na ce, "Alhaji, ni na san abin da nake faɗa. Fo Kossi, me ka sa mini a kwamfuta ranar nan?"

Kossi ya ɗago. Ya yi murmushi tukuna, yana zaton wasa ne. Da ya ga fuskata sai murmushin ya tafi. Ya ce, "Ni?"

"Kai ka sa filashinka. Tun daga ranar ba ta sake lafiya ba. Ga shi yanzu kana latsa waya tana motsi."

Ya taso ya ajiye wayar a kan tebur, ya juya fuskarta ƙasa, ya koma ya rungume hannuwansa. Kibiyar ta yi shiru na ɗan lokaci, domin ni ma na ƙame ina jiran nasara. Sai marurun ya soke ni, na zabura, kibiya ta tsallaka allo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni sai na ce, "Ai ya riga ya dasa abin a ciki, ba ya buƙatar waya."

Kossi ya ce a hankali, "Shekara nawa muna cin ayimolu, shinkafa da waken nan, a kwano ɗaya da kai?" Ladan ne ya cece ni, ya kira La'asar.

Muka tafi masallacin layin. Kossi ya ce zai zauna ya tsare kwamfutar, kuma kada kowa ya ce ya taɓa ta, Adiza ce shaida. Na yi sallar nan da ƙyar, zaman tahiya kuwa Allah kaɗai Ya san yadda na yi shi. Da muka dawo Adiza ta ce, "Kawu, tun da kuka fita ko sau ɗaya ba ta motsa ba."

Alhaji ya shafa gemu ya ce, "Ikon Allah. Ɗan kutsen ma yana zuwa jam'i ke nan."

Aka yi dariya, ban da ni da Kossi. Na lallaɓa na koma mazaunina. Ina sauka a kan jakar, kibiya ta farka ta buɗe wata taga. Wani daga baya ya ce, "A'uzu billahi." Wani ya matsa kusa da ƙofa, mutumin da ɗazu yake mana bayanin iskar teku.

Adiza ba allon take kallo ba. Ni take kallo. Da a wata ranar ce, da na ji daɗi. Ta ce, "Yaya, ɗan tashi tsaye."

Na ce, "Don me?"

"Tashi dai."

Na dafa tebur na miƙe a hankali kamar tsohon da ya dawo daga gona. Kibiya ta tsaya cik.

"Zauna."

Na zauna. Ta yi tsalle.

"Tashi."

Haka yarinyar nan ta yi ta sa ni tashi da zama a gaban jama'a kamar ɗan firamare, ina cije leɓe, gumi yana bin bayana, kibiya tana bin umarninta. Alhaji ya ce, "To ko dai a jikinsa abin yake?"

Sai Kossi ya taso. Ya ce, "Alhaji, a ba ni izini in taɓa, tunda kowa yana kallo." Ya buɗe wurin da ake ganin na'urorin da ke haɗe da kwamfuta ba tare da waya ba. Suna ɗaya ya fito a talabijin, da manyan baƙaƙe, an rubuta yana haɗe. Ya juyo ya ce mini, "Ina surinka?"

Suri shi ne abin da muke kiran linzamin kwamfuta a nan, daga Faransanci, ma'anarsa ɓera. Ina da wani siriri mara waya, shafal kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Na ce, "Ai ya daɗe da ɓata. Na neme shi har na gaji."

Ya ce, "Bai ɓata ba. Yana nan kusa, kuma yana aiki."

Nan fa aka shiga neman ɓera. Ana leƙa ƙarƙashin tebur, ana ɗaga kwalaye, ana zazzage aljihu. Ni dai ina zaune, ƙwaƙwalwata ta fara haɗa abin da na ƙi haɗawa tun farko. Na yi addu'a a zuci Allah Ya sa a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Ranar da kake so ba a taɓa ɗaukewa.

Adiza ta ce, "Yaya, me kake zaune a kai?"

Na ce, "Benci."

"Tsakaninka da bencin."

Alhaji bai jira ba. Ya ce in tashi, ya janye jakar, ya shafa ta, ya tsaya a wani ɗan tudu a gefe. Ya zura hannu ciki, ya sami inda shafin jakar ya yage, ya lalubo, ya zaro surin nan ya ɗaga sama, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ga ɗan kutsenku. Da ɗuminsa ma."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wani ya faɗo daga benci. Mai shagon ɗinki na maƙwabta ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Amma ƙungiyarmu ta masu bin diddigi ce, ba sa barin matsala sai sun kai tushenta. Wani ya share hawaye ya ce, "Tsaya tukuna. Me ya sa kake zama a kan jakar kwamfuta?"

Na ce, "Ciwon baya nake yi."

Alhaji Mumuni ya kalle ni sama da ƙasa ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Na ga yadda ka yi tahiya ɗazu. Wannan karkacewar ba ta ciwon baya ba ce, ɗana. Maruru ne. Hagu ko dama?"

Ya faɗe ta da muryar da ya saba kiran lebura da ita a bakin jirgi. Na dubi ƙasa, ban ga ramin shiga ba. Na ce, "Hagu." Ban san me ya sa na amsa ba.

Kuma da yake an saba, nan take aka koma gyara ni. Wani ya ce man kaɗe da kanwa. Wani ya ce a'a, ruwan ɗumi da gishiri, safe da yamma. Mai iskar teku ya ce kada a kuskura a matse shi sai ya nuna. Aka fara gardama a kan ko ya nuna ko bai nuna ba, ana tambayata launinsa. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi shiru. Doka dai doka ce. Mai matsala ya kawo a haɗa da talabijin kowa ya gani." Adiza ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita waje, ina jin dariyarta har daga bakin titi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya sosai ba. Kossi ya ɗauki wayarsa ya sa a aljihu ya fara haɗa kayansa. A nan ne kunyar ta canza kama, ta daina zama ta maruru. Na bi shi waje ina ɗingishi, na same shi yana kwance babur. Na ce, "Fo Kossi, don Allah ka yafe mini. Na ci mutuncinka a gaban mutane a kan abin da ni na zauna a kai."

Ya ce, "Abin da ya yi mini ciwo, ba ka zo ka tambaye ni ni kaɗai ba. Ka ajiye shi a ranka har ka tara jama'a." Na ce haka ne. Ya ce, "To koma ciki ka faɗa a inda ka faɗi ta farko." Na koma, na tsaya a gaban talabijin, na faɗa da ƙarfi cewa na yi wa Kossi ƙazafi kuma ina neman gafararsa. Alhaji ya ce madalla, ya ƙara da cewa daga yau an sauke ni daga kujerar tsaro, tunda kujera ba ta karɓe ni ba.

Da na fito Kossi yana nan bai tafi ba. Ya ce, "Hau. Akwai wata nas da na sani, 'yar cocinmu ce, yanzu za ta duba maka shi. Kada ka bari su sa maka kanwa."

Na ce, "A kan babur?"

Ya ce, "Da me kake so, jirgin sama?"

Na hau. Ni da nake ɗan unguwar na san akwai kwalta mai santsi da za ta kai mu. Kossi ya bar ta, ya bi ta cikin unguwa, ta hanyar da ruwan sama ya cinye, ya kuma bi kowane rami da natsuwa kamar mai gaida dangi. Na yi tafiyar nan rabi a tsaye, na riƙe kafaɗunsa ina kiran sunayen Allah. Duk ramin da muka faɗa sai ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri, ba ni ba ne. Wani ne yake sarrafa babur ɗin daga nesa." Da muka isa ya kashe inji ya ce, "Yanzu na yafe."

Nas ta yi aikinta, ba zan ba ku labarin wannan ba. Na warke, na koma ƙungiya, kuma har yau idan sabon mutum ya zo yana cewa an yi masa kutse, kafin a taɓa komai sai wani ya ce, "Malam, ɗan tashi tsaye tukuna," sai duk a juyo a dube ni.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na saye shi da tsada. Idan abu ya rikice mini yanzu, kafin in fara neman maƙiyi a cikin abokaina, nakan miƙe in duba ƙarƙashina. Sau da yawa a nan nake samunsa, da ɗuminsa.